Aikin farfaɗo da tsohon mashigin ruwa na cikin birni: inda aka kwana

9 ga Janairu

An gama awon zurfi a sashen farko na mashigin, hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage, daga tsohuwar matsayar jiragen kaya zuwa matakalar ruwa, wato ɗakin nan mai ƙyamare gaba da baya da ake cikawa ko a rage wa ruwa don ɗaga jirgi ko sauke shi. Da kwale-kwale muka yi awon, da doguwar sanda mai faifai a bakinta. A saukar da ita a hankali har faifan ya zauna a kan laka, a rubuta. Sai a cire faifan, a danna sandar har ta tarar da ƙasa mai tauri, a sake rubutawa. Abin da ke tsakanin biyun shi ne kaurin lakar. A tsakiya da dama-dama. A ƙarƙashin gadoji kuwa, da bakin kowace kwata da ke zubowa ciki, ruwan da ya rage a saman laka ko gwiwa bai kai ba, a wurin da aka haƙa don jirage masu ɗauke da kaya niƙi-niƙi.

Kwamitin da ke kula da aikin yana so a fara da hanyar yawo da fitilu da kujeru, tunda su ido ke gani. Ban ga laifinsu ba, amma a taron jiya na ce ba zai yiwu ba. Duk abin da aka shimfiɗa a bakin ruwa yanzu, katafila ce za ta bi ta kansa idan aka zo gyaran bango. An tsaya a kan haka: a datse, a yashe, a gyara bango da ƙyamare, a maido da ruwa, ado ya zo daga baya.

Sa'ar da muka ci ita ce ba a taɓa cike namu mashigin ba, watsi kawai aka yi da shi. A Utrecht ta ƙasar Holan cike wani ɓangare aka yi, aka shimfiɗa titin mota a kai a shekarun 1970, kuma sai a watan Satumba na 2020 ruwa ya sake zagaye tsohon birnin. A Milan an rufe na tsakiyar gari tun wajen 1929 zuwa 1930, har yau ana ta maganar buɗe shi.

27 ga Janairu

An kafa faifan ƙarfe masu shiga juna a kai da gindin sashen, injinan zuƙar ruwa sun fara aiki. Ɗan kwangila ya so a kunna su duka a kwashe ruwan cikin dare ɗaya. Na hana. Ƙasar da ke bayan bangon jiƙe take sharkaf, kuma ruwan mashigin ne ke tokare bangon ta gaba. Idan aka janye shi farat ɗaya, ruwan da ke cikin ƙasa bai samu damar tsiyayewa ba, sai ya turo bangon cikin rami. Don haka kaɗan-kaɗan ake ragewa, safiyo kuma yana duba alamomin da ya manna a jikin bango kowace safiya. Wanda ya ga hoton bangon Grimburgwal na Amsterdam da ya zube cikin ruwa a Satumbar 2020 ba zai yi gardama a kan wannan ba: bango ne da ya daɗe a tsaye a kan turakun katako, ya tafi cikin ƙiftawar ido.

Da ruwa ya ja baya, masu kifi suka shiga da na'urar da ke sumar da kifi da ƙaramar wutar lantarki, suna kwashewa da koma zuwa tankuna, ana kai su sashen sama. Yawan kifin ya ba kowa mamaki, a ruwan da ake cewa matacce ne.

Sauran abin da ya bayyana ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa kwashe mashigin birni: kekuna, tayoyi, kekunan tura kaya na manyan kantuna, katifa, kwalabe ba iyaka. Haka aka gani a Faris a farkon 2016 da aka kwashe ruwan mashigin Saint-Martin. Amsterdam ma dubban kekuna take tsamowa kowace shekara.

18 ga Fabrairu

Sakamakon gwajin laka ya dawo, kuma shi ne zai tsara mana kusan komai na watanni masu zuwa.

Lakar iri biyu ce. Mafi yawanta ruɓaɓɓen ganye ne da yashi da ƙurar titi, baƙa mai wari amma ba mai guba ba. Wannan idan ta bushe za a iya cike rami da ita ko a baza a fili. Ta kusa da inda tsohuwar masana'antar gas take kuwa, akwai kwalta a cikinta, da dalma da zaiba fiye da abin da doka ta yarda. Idan bokitin katafila ya yanka ta, sai ka ga sheƙi mai launuka ya bazu a saman ruwan da ya taru, warin kuma ya sauya daga na ruɓaɓɓen ƙwai zuwa na sabon titi. Wannan sai wurin zubar da shara mai guba, a mota rufaffiya, da takarda kan kowane lodi. Ba a haɗa su. Guga ɗaya na mai gubar idan ya shiga tarin mai kyau, duka tarin ya koma mai guba a idon doka, kuɗin kwashewa ya ninka.

Mashigin Gowanus na Brooklyn a New York shi ne misalin inda wannan matsala ke kai mutum. Tsawonsa bai cika kilomita 3 ba, amma masana'antun gas da suka zauna a bakinsa sun bar kwalta mai yawan da a 2010 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Sai a Nuwamban 2020 aka fara babbar yasar. Can ba a iya kwashe gubar duka ba, abin da ya nutse cikin ƙasa daskarar da shi ake yi da siminti, a rufe samansa da shimfiɗu. Namu bai kama ƙafar wannan ba, amma mun ɗauki dabarar rufewar a ɗan yankin da kwaltar ta yi zurfi.

Abu biyu na maimaita wa direbobin katafila. Na farko, kada a zurfafa a gindin bango, lakar da ke wurin tana cikin abin da ke riƙe da shi. Na biyu, idan bokiti ya fara fito da yumɓu mai toka-toka, mai santsi, a tsaya. Wannan ba datti ba ne, shimfiɗar da magina na farko suka yi ce don kada ruwa ya tsiyaye, kuma wanda ya huda ta ya ja mana aikin wata guda.

Lakar da aka kwaso yawancinta ruwa ne. Ana zuba ta cikin manyan buhunan saƙa, ruwan ya tsatso, a tace shi kafin a mayar. Ɗaukar ta a jiƙe biyan kuɗin dakon ruwa ne kawai.

Kowa da ke cikin ramin yana rataye da na'urar auna iskar gas. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ta yi yawa hanci daina jin ta yake yi, don haka rashin wari ba shaidar lafiya ba ne. Safar hannu da takalmin roba dole ne, kuma duk mai rauni a fata sai ya rufe shi, saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera.

3 ga Maris

Motar ɗaga kaya ba ta zo ba. Izinin rufe titin da za ta tsaya bai fito ba. Tsofaffin ƙyamaren suna nan a rataye, kafintoci sun koma awo.

24 ga Maris

Bango. An sare itatuwan da suka tsiro a jikinsa, an bi saiwoyin har inda suka ƙare, wani wurin sai da aka warware layi biyar na jan bulo kafin a kai ga ƙarshen saiwa.

Wurin da ya fi lalacewa ba inda aka yi watsi da shi ba ne, inda aka taɓa gyarawa ne da siminti shekarun baya. Kwaɓin yana nan daram, fuskar bulon kuwa ta ɓantale ta zube, sai ramuka a jere. Na tsaya ina kallo, tsohon maginin da ke jagorantar birkiloli ya matso.

"Injiniya, ka ga aikin gaggawa ko? Siminti ya fi bulon nan ƙarfi. Bango ya ɗan motsa, kwaɓi ya ƙi bayarwa, bulo ya fashe. Ruwa ma ya nemi hanyar fita ta tsakani ya rasa, sai ya bi ta cikin bulon."

"To Baba, ɗan kwangila ya ce kwaɓin farar ƙasa ba ya kamawa da wuri."

"Gaskiya ya faɗa. Shi yana sauri ne, bangon ba ya sauri."

Da kwaɓin farar ƙasa irin mai kamawa a cikin danshi muke aiki, kamar yadda aka gina shi tun farko. Ana rufe sabon gini da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da wuri. An kuma buɗe ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da aka toshe a wancan gyaran, ga dukkan alamu wani ya ɗauka ɓaraka ce. Ranar da aka buɗe su ruwa ya yi ta zuba har yamma.

Wani yanki mai tsawo ba ya gyaruwa da bulo, ya karkato sosai. Can faifan ƙarfe za a kafa a bayansa, a ɗaure, a mayar da tsohon bulon a fuska. Masu kula da kayan tarihi sun yarda bayan doguwar muhawara.

15 ga Afrilu

Sabbin ƙyamaren sun shiga. Na yini a wurin, ko da yake ba ni da aikin yi sai kallo.

Ƙyaure biyu ne a kowane gefe, kuma ba a miƙe suke haɗuwa ba, kusurwa suke yi mai tsini wajen da ruwa ya fi tudu. Nauyin ruwan da kansa ne ke matse su, iya yawan ruwa iya ƙarfin rufewa, babu sakata babu kwaɗo. Ba kuma mai iya buɗe su sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Dabara ce tsohuwa. Ɗakin ɗaga jirgi mai ƙofa biyu Qiao Weiyue ne ya gina shi a ƙasar Sin a shekarar 984, ƙyamare masu kusurwa kuma suna cikin zanen da Leonardo da Vinci ya yi na matakalar San Marco a Milan.

Abin da littafi ba ya nunawa shi ne zaman ƙyauren a mazauninsa. Ginshiƙin da yake juyawa a kai zagayayye ne, yana kwanciya cikin wani kwarmi da aka sassaƙa a dutse. Dutsen ya tsufa, ya cinye a wasu wurare, babu ma'aunin da zai ba ka siffarsa daidai. Sai kafinta ya shafa jan alli a kwarmin, a rufe ƙyauren, a buɗe, ya duba inda jan ya kama katako, ya fere wurin kaɗan. A sake shafawa, a sake rufewa. Haka ya yi ta yi har jan ya kama daga sama zuwa ƙasa ba tsallake. Daga nan ya ɗauki fitila ya shiga ta baya, yaronsa yana ta gaba yana duba ko haske zai ɓullo.

Itacen oak ne, ɗanye. A Birtaniya ana lissafa wa irin wannan ƙyaure shekara 25 ko kusa da haka. Ɓangaren da ke nutse kullum ba ya ruɓewa da wuri, inda ruwa ke hawa yana sauka ne ke fara ci. Tunda ruwa bai dawo ba tukuna, an sa mai yi musu feshi safe da yamma don kada su bushe su tsage.

12 ga Mayu

Mun gano dalilin danshin da mai wani gini na bakin mashigin ya daɗe yana kuka da shi a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Akwai tsohon kwalbati da ya ratsa ta ƙarƙashin mashigin, ba ya cikin kowace taswira da aka ba mu. Rufinsa ya tsage, shimfiɗar yumɓun da ke samansa ta zurma.

An gyara kwalbatin, yanzu ana mayar da yumɓu. Jiƙa shi ake yi a cuɗa, kamar yadda ake cuɗa ƙasar gini, har iska ta fita ya zama abu guda, a shimfiɗa hawa-hawa. Wannan ce hanyar da James Brindley ya yi suna da ita a Ingila a zamanin mashigin Bridgewater da aka buɗe a 1761. A da har shanu ake korawa su tattake shi, mu da bayan bokitin katafila muke dannawa, gefe-gefe kuma da ƙafa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ya bushe. In ya bushe ya tsattsage, aikin ya tashi a banza. An lulluɓe shi da leda.

2 ga Yuni

Yau lissafin ruwa muka yi, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk aikin.

Mashigi ba kogi ba ne, ba shi da ruwan kansa sai wanda aka ba shi. Duk jirgin da ya bi ta matakala, cikin ɗaki guda na ruwa ya gangara ƙasa ba zai dawo ba. Tamu girmanta kusan ɗaya ne da ƙananan matakalun Ingila, masu tsawon mita 22 da faɗin mita 2 da ɗan ɗori. Idan tazarar hawan mita 2 ce, wucewa ɗaya ta cinye kusan lita 100,000. Jirage ashirin a ranar hutu, lita miliyan 2 ke nan, ban da abin da rana ke sha da wanda ke tsiyayewa. Ƙoramar da ke ciyar da mu ba ta kawo haka a lokacin zafi.

Mafita biyu ke gabanmu. Ko a taƙaita lokutan wucewa, jirage su jira juna, mai hawa ya shiga ruwan da mai sauka ya bari. Ko a sa injin da zai riƙa mayar da ruwan sama, kamar yadda ake yi a Caen Hill ta Ingila, inda matakalu 29 ke jere a mashigin Kennet da Avon. Inji yana aiki, amma kuɗin wuta ne na har abada, kuma kuɗin gini ake samu cikin sauƙi, na kulawa ba mai son bayarwa. Wani a kwamiti ya kawo misalin rafin Cheonggyecheon na Seoul, da aka rushe gadar saman da ta rufe shi aka buɗe shi tsakanin 2003 da 2005. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai ruwansa da injina ake turo shi, yawanci daga kogin Han, kuma ba jirgin da ke bi ta cikinsa. Ni na fi karkata ga taƙaita lokaci, a bar gurbin inji a gini ko da za a buƙace shi.

30 ga Yuni

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daren Asabar. Da safe sashen sama ya yi fari-fari, kifaye suna ta haɗiyar iska a saman ruwa, wasu sun riga sun juya ciki. Muka jefa injinan hura iska, aka ceci abin da aka ceta.

Ruwa ba ya tsami banza. A tsofaffin unguwanni bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida. In ya cika ya tumbatsa, an yi masa mafita zuwa mashigi don kada ya koma cikin gidaje. Ƙazantar tana shiga, ƙwayoyin da ke cin ta su shanye iskar oksijin, kifi ya rasa numfashi. Akwai kuma wata kwata ta ruwan sama zalla da muka lura tana zuba ko ba a yi ruwa ba. An bi ta da rini mai kore, gida-gida, aka samu gine-ginen da aka haɗa bututun wanka da na bayan gidansu a inda bai kamata ba. Wannan mai sauƙi ne. Tumbatsar kuwa ba aikinmu ba ne, na hukumar ruwa ne, kuma sai an gina babban tankin da zai riƙe ruwan har hadari ya wuce.

Saboda haka na ce a cire maganar iyo daga sanarwar buɗewa. Kopenhagen ta ƙasar Denmark ta buɗe wurin iyo na Islands Brygge a 2002 ne bayan ta kashe shekaru tana gina irin waɗannan tankuna, kuma har yanzu rufe wurin ake yi idan aka samu tumbatsa. Faris ta buɗe na Bassin de la Villette a 2017 da gwajin ruwa a kai a kai. Mu ba mu da ko ɗaya. Ruwan da ya isa a tuƙa kwale-kwale a kai daban, wanda yaro zai haɗiya daban.

21 ga Yuli

Taro da masu amfani da ruwan. Masu jiragen yawon buɗe ido suna son zurfi da wurin juyawa. Masu ƙananan kwale-kwale suna son matakala mai sauƙin sauka, kuma kada babban jirgi ya kife su. Masu kamun kifi suna son kowa ya tafi ya bar su. Masu kula da tsuntsaye suna son a bar ciyayin bakin ruwa, waɗanda masu jirage ke cewa suna naɗe musu farfela.

An daidaita a kan gudu: ba za a wuce kilomita 6 a awa ba, kusan mil 4 da ake bi a mashigan Birtaniya. Ba don haɗari kaɗai ba, igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke tayarwa ita ke cin gindin bango da wanke kwaɓi. Za a bar ciyayi a gefe guda cikin shinge, ɗaya gefen na ɗaure jirage. Kainuwa da danginta masu yawo a saman ruwa kuwa kwashe su za a riƙa yi tun suna kaɗan.

Na dage a kan tsani. Bangon miƙe yake, mai santsi, wanda ya faɗa ko gwanin iyo ne ba shi da abin kamawa. Za a sa tsani a tazara-tazara, da sarƙa a jikin bango daidai saman ruwa, da ɗan gangare a wurare biyu don dabbar da ta faɗa.

19 ga Agusta

An maido da ruwa, a hankali kamar yadda aka janye shi. Ƙyamaren sun yi yoyo kwanakin farko, katako ya sha ruwa ya kumbura, yoyon ya tsaya sai ɗan zirara a ƙasan na hagu. Ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan a bushe yake.

Jirgin gwaji ya wuce daga matsaya zuwa matakala bai taɓa ƙasa ba. A gada ta uku ne aka sunkuya: wani bututu da aka rataya a ƙarƙashinta lokacin da ba jirgin da ke wucewa ya rage tsayin wurin, jirgi mai rumfa ba zai shige ba. An rubuta wa masu bututun.

8 ga Satumba

An fara shimfiɗa hanyar yawo, fitilu sun iso. An cire faifan ƙarfen gindi an kai sashe na biyu, inda za a fara awon laka ranar Litinin. Masu bututu ba su amsa ba. Kwamiti bai yanke hukunci kan injin mayar da ruwa ba, kuma har yanzu babu wanda ya sa hannu cewa shi zai riƙa biyan mai kula da matakala da kwashe sharar saman ruwa bayan an buɗe. Na sa wannan a farkon ajandar taron 24 ga wata.